Dattijo ya shafe zanensa a gaban kyamara, ya ce kada a sa: a yanke ko a bari?

Mai Kyamara (Mabera):
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana na wannan zaure. Na zo da wata matsala ce da ta hana ni sukuni, ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin aikin hoto da waɗanda suka fi ni sanin halin mutane. Wata 7 ke nan ina ɗaukar fim na haƙiƙa, wanda babu wasan kwaikwayo a cikinsa, a kan wani dattijo mai zane da ke zaune a nan Sakkwato, wanda ba zan ambaci sunansa ba tun da ban nemi izininsa ba. Zanensa irin wanda ba ya kwaikwayon siffar komai ne: babu mutum, babu doki, babu gini, sai launi bisa launi, da layuka, da wuraren da yake kankare fentin har ƙyallen ya leƙo. Ya daɗe yana koyar da zane a makarantun sakandare, da ya yi ritaya sai ya mai da zauren gidansa ɗakin aiki. Na tara awa 41 na hoto, ina so in fitar da minti 50.

Akwai wani zane mai girman ƙofar ɗaki da ya kwana 19 yana fama da shi, ni kuma kullum ina wurin daga hantsi zuwa azahar. Ya fara da ja irin na fatar da aka rina da karan dafi, ya bi shi da shuɗi mai duhu kamar na baba, ya yi ta ƙari yana ragewa har ni a raina na ce aiki ya kammala. A rana ta 19 ya tsaya a gabansa kusan rubu'in awa bai ce uffan ba, ba ka jin komai sai fanka da wata kaza a tsakar gida. Can sai ya jawo bokitin farin fenti, ya ɗauki faffaɗan buroshi irin na masu fentin gida, ya shafe aikin kwana 19 cikin minti 4. Da ya gama ya waiwayo ya ce mini, "Yaro, wannan kada ka sa shi." Na ce to. Da na koma gida na kalla, sai na tarar babu abin da ya kai waɗannan mintuna ƙarfi a cikin duk abin da na ɗauka. Tambayata ta farko ke nan: in sa su a fim ɗin ko in cire? Ta biyu kuma, shin in sa muryar mai bayani a kan hoton, ko in bar aikin yadda yake?

Tsohon Ma'aikacin Talabijin (Gawon Nama):
Wa alaikumus salam, ƙanena. Zan fara da tambayarka ta biyu, don ita ce ta fi sauƙi. Ka sa mai bayani. Na yi shekaru ina shirya shirye-shirye ga mutanenmu, na kuma san cewa wanda ya zauna kallo bayan sallar isha, ya ga dattijo yana goga fenti minti 10 babu mai gaya masa inda aka dosa, zai ce wannan ai ɗan firamare ma yana iyawa, ya sauya tasha. Ka ba shi labarin mutumin: inda aka haife shi, wahalar da ya sha, yadda maƙwabta suka ɗauke shi, da abin da yake ci da iyalinsa alhali ba a sayen irin wannan zane a kasuwarmu. Game da shafewar kuwa, ra'ayina shi ne ka sa ta. Shi ya buɗe maka ƙofa, ya ga kyamara a kunne, bai ce ka kashe ba sai bayan da aka gama. Idan wanda ake fim a kansa shi zai riƙa zaɓar abin da za a gani, abin da ka yi ya tashi daga tarihi ya koma roƙo, kai kuma ka zama maroƙi mai kyamara.

Malamar Adabi (Runjin Sambo):
Yallaɓai, da girmamawa, na saba da kai a nan. Yaron nan ya gaya mana da bakinsa cewa ya ce "to". Da shiru ya yi, da akwai abin tattaunawa, amma ya amsa, kuma alkawari kaya ne. Ba na jin kyawun hoto yana warware abin da baki ya ƙulla.

Akwai kuma abin da nake so mu lura da shi, wato kyamara ba ta shiga ɗakin mai zane ta fita ta bar shi yadda ta same shi. A shekarar 1950 wani mai ɗaukar hoto, Hans Namuth, ya ɗauki Jackson Pollock, Ba'amurken nan da ke shimfiɗa ƙyalle a ƙasa yana ɗiga masa fenti da sanda. Har gilashi aka kafa, Namuth ya kwanta a ƙarƙashi da kyamara, Pollock yana zuba fenti daga sama, ana cewa ya tsaya, ya sake, ya jira haske. Masu rubuta tarihinsa sun ruwaito cewa a ranar da aka gama ɗaukar, mutumin da ya yi kimanin shekara 2 bai sha giya ba ya koma gida ya sha, ya kifar da teburin abinci a gaban baƙi. Ya mutu a haɗarin mota a 1956 yana da shekara 44. Ba na cewa fim ne ya kashe shi, domin matsalarsa ta girmi fim ɗin, amma duniya ta samu hoton da har yau ake nunawa ɗalibai, shi kuma ya ga an mai da abin da yake yi shi kaɗai abin nuni. Dattijonka ya yi wata 7 yana aiki da ido a bayansa. Wa ya san ko kasancewarka a wurin na cikin abin da ya sa zanen ya ƙi yi masa daɗi?

Malamin Islamiyya (Gidan Igwai):
Malama ta yi gaskiya a kan amana. Ya zo a hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, to maganar amana ce. Wannan kuwa ba waiwaye kaɗai ya yi ba, hani ya yi a sarari. Ina so in ƙara wani abu da zai amfani fim ɗin, tun da na san za a tambaye ka a kansa. Abin da aka yi gargaɗi a kai shi ne surar abu mai rai, kuma a cikin Bukhari da Muslim akwai labarin mai sana'ar zane da ya zo wurin Ibn Abbas, ya ce masa in lallai sai ya yi, ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Saboda haka zanen da babu siffar mai rai a cikinsa bai shiga wancan gargaɗi ba, kuma mu da muke yi wa allon sauka zayyana bai kamata ya zame mana baƙo ba. Ka tambayi dattijon ko wannan na cikin dalilinsa na barin zanen mutane, amma kada ka sa masa amsar a baki.

Baduku (Madunka):
Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Ɗana mai talabijin ya ce mutanenmu ba za su gane ba sai an yi musu bayani, ni kuwa ban yarda ba. Shekarata sama da 50 ina yanka fata ina lafta wata a kan wata, ja a kan baƙi, kore a gefe, kuma ban taɓa ganin wanda ya ɗauki titimi ko jaka ya tambaye ni hoton mene ne wannan ba. Ya duba ne, in ya yi masa ya saya, in bai yi masa ba ya ajiye. Wanda ya sa babbar riga mai aska takwas ya je masallacin Juma'a, akwai mai tare shi ya ce fassara mini? Matan da ke sassaƙa ƙwarya da masu zanen bangon soro, duk abin da suke yi ke nan. Abin da ya sa na dattijon nan yake zama baƙo shi ne ba a sa shi, ba a zuba fura a cikinsa, ba a zama a kansa, rataye shi kawai ake yi. To, ka nuna hannunsa da kyau, mai sana'a zai gane mai sana'a.

Amma ina da tambaya gare ka, yaro. Mu in fata ta ɓaci a hannunmu, ba mu jin kunyar almajiri ya gani, don a nan yake koyo. Dattijon da ya koyar da yara shekara da shekaru ba zai ji kunyar ɓarna ba. Me ka ɗauka a wannan lokaci, zanen ko shi?

Ɗalibar Zane ('yar Sakkwato, daga Samaru):
Baba ya riga ni, amma bari in bi ta wata hanyar. Tun ɗazu ana ta cewa ya lalata zanen, ni kuwa ban tabbata lalatawa ce ba. A irin wannan aiki rufe abin da aka yi da wani launi mataki ne kamar sauran matakai, domin abin da ke ƙasa ba ya ɓacewa, yana nan yana jiran a tono shi. A nan Zariya har yanzu ana ambaton Gani Odutokun, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello har rasuwarsa a haɗarin mota a 1995. Yakan tsarma fenti ya zuba a kan ƙyalle ya bar shi ya gudana, sannan ya bi abin da ya fito ya sarrafa shi, wato rabin aikin nufi ne, rabi kuma abin da ya faɗo ne. Haka Gerhard Richter na Jamus, wanda aka haifa a 1932, yake shafa fenti ya ja wata doguwar mashafa ta roba mai tauri a kansa daga gefe zuwa gefe, sai abin da ya yi awa yana ginawa ya rufe, wani ya ɓullo. Corinna Belz ta ɗauke shi a ɗakin aikinsa na birnin Kolon, fim ɗin ya fito a 2011, kuma babu mai bayani a kansa. Abin da ke riƙe mai kallo shi ne ƙarar mashafar a kan ƙyalle da fargabar ko wannan jan zai gyara ko zai ɓata. A cikin fim ɗin ma an bar wurin da shi Richter yake nuna cewa kyamarar ta takura shi, kuma a ganina wannan gaskiyar ta ƙara wa aikin daraja. Yaya, me ya faru da ƙyallen bayan rana ta 19?

Mai Kyamara (Mabera):
Zan amsa muku biyun, ko da yake amsar Baba ta fi yi mini nauyi. Ƙanwata, kin yi daidai. Ƙyallen ya kwana 3 jingine da bango fari fat, a rana ta 4 ya ɗauko wuƙar kankara irin ta magina da wani guntun gilashi, ya shiga kankare farin a hankali. Jan ya fara leƙowa kamar garwashi a cikin toka, shuɗin kuma ya fito a tsattsage, kuma zanen da ke rataye a zaurensa yanzu shi ne wannan. Ke nan in na cire shafewar, mai kallo zai ga ja da shuɗi, sai kwatsam ya ga fari, bai san daga inda ya zo ba.

Baba, shi na ɗauka. Da na ga ya daɗe tsaye, sai na jawo hoton kusa da fuskarsa, na bar shi a nan har ya gama. Leɓensa yana rawa, kuma akwai hawaye, bai share ba don hannuwansa duka da fenti. Zanen kansa kaɗan ne ya fito a wannan kyamarar. Wayata ce, da na kafa a kan taga daga bayansa, ta ɗauki ƙyallen gaba ɗaya da ƙeyarsa. Ban faɗi wannan da farko ba, don na san abin da za ku ce.

Baduku (Madunka):
To, ka ga abin da ya hana ka. Fuskarsa ya ce kada ka sa, ba fentinsa ba. Namiji mai jikoki a garin nan, a ga hawayensa a wayar kowane yaro a bakin kasuwa?

Mai Tace Fim (Arkilla):
In haka ne, aikin ya zo wurina, kuma akwai mafita, sai dai tana da tsada. Hoton waya da na babbar kyamara ba sa zama wuri ɗaya cikin sauƙi, musamman a zaure mai ƙarancin haske, inda na wayar zai fito da tsaki-tsaki. Duk da haka, in ka bar hoton bayan ya tafi minti 4 ɗin cur ba yanka, ka ɗora masa sautin da makirfon babbar kyamara ya ɗauka, wato jan buroshi da numfashinsa da kazar nan, mai kallo zai ji nauyin abin ba tare da ya ga idonsa ba. Sau da yawa ƙeya ta fi fuska magana. Ina roƙonka kada ka sa kiɗa a wurin, ko sarewa ko gurmi, domin da zarar ka sa ka gaya wa mutane abin da za su ji ke nan.

Tun da ana batun sana'a, ga abin da na gani a guntayen da ka turo mini kwanaki. Ranakun da aka kunna janareto sautin ya mutu, gara ka roƙe shi a yi aiki da hasken ƙofa kawai. Inda ka kunna fitila kuma hoton yana ƙyafƙyafta, saboda wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kai kuma ka saita kyamara a kan hoto 30 a daƙiƙa. Ka mai da ita 25. Abu na ƙarshe, a zafin Afrilu da ake haura digiri 40, fentin ruwan da yake amfani da shi yana bushewa kafin ya juya, shi ya sa hannunsa ke sauri a waɗancan ranaku, a hunturu kuma ƙura ke manne wa ɗanyen fenti har ya bar ta ta zama cikin zanen. Wannan ka riga ka ɗauka, kuma shi ne Sakkwaton da ke cikin fim ɗin, ba sai ka je ka ɗauko ƙofar fada da Hubbare ka liƙa a farko ba kamar yadda kowa ke yi.

Tsohon Ma'aikacin Talabijin (Gawon Nama):
Na ji, kuma na janye batun fuskar, domin ban san da hawaye ba sa'ad da na yi magana. Amma ban janye tsorona ba. Yau fuska ce, gobe zai ce cire inda matarsa ta yi ƙorafin kuɗin fenti, jibi ya ce cire inda ɗansa ya ce bai san amfanin aikin ba. A haka ake wayar gari da fim mai tsabta wanda babu kowa a cikinsa. Kuma har yanzu ina kan bakana cewa mai kallo yana bukatar igiyar da zai riƙe.

Malamar Adabi (Runjin Sambo):
Tsoronka yana kan hanya, Yallaɓai, kuma da gwamna ne ko ɗan kwangila ake bincika, da ni ce ta farko da za ta ce kada a nuna masa ko daƙiƙa ɗaya kafin a fitar. Amma wannan tsohon malami ne da ba ya riƙe da haƙƙin kowa, kuma zanen nasa ne, ko nuna shi a fim sai da yardarsa. Abin da ya kamata tun farko, wanda ɗanmu bai yi ba, shi ne a zauna a rubuta: yana da ikon hana abin da ya shafi mutuncinsa da iyalinsa, ba shi da ikon tsara fim ɗin. Ba a makara ba, ana iya rubutawa yanzu.

A kan igiyar kuma, na yarda ana bukatarta, amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A bar shi ya yi maganar da kansa, kuma kada a tambaye shi ma'anar zane, domin masu irin wannan aiki sukan tsani tambayar, in an matsa musu su ƙirƙiro amsa don a rabu da su. A tambaye shi abin da ya faru. Dubi Ibrahim as-Salahi na Sudan, wanda aka haifa a Omdurman a 1930, ɗan malamin addini. Ya yi karatun zane a Landan, ya dawo ya ga abin da ya koyo bai taɓa zukatan mutanensa ba, sai ya koma ga haruffan Larabci da adon gargajiya yana warware su har suka zama wasu siffofi. A 1975 aka tsare shi a kurkukun Kobar kimanin wata 6 ba shari'a, inda yake zane a kan guntayen takarda yana binnewa a cikin rairayi don kada masu gadi su gani, kuma a 2013 gidan nune-nunen Tate Modern da ke Landan ya baje kolin aikin rayuwarsa. Wanda ya ji wannan labari zai dubi zanensa da wani ido, ba tare da an ce masa wannan layi yana nufin kaza ba. Dattijonmu ma yana da irin nasa: yaushe ya daina zana mutane, wa ya fara ba shi buroshi, me ya sa jan nan yake dawowa a kowane aiki?

Mai Kyamara (Mabera):
Na dawo da rahoto. Jiya bayan la'asar na ɗauki kwamfutata na je, na gaya masa gaskiya cewa kyamara tana kan fuskarsa a ranar, kuma na goge wannan hoton a gabansa. Hannuna yana rawa lokacin da na danna, ba zan ɓoye ba. Daga nan na nuna masa na wayar, minti 4 ɗin duka, da sautin kamar yadda Malam na Arkilla ya ce. Ya kalla har ƙarshe, ya ce in sake, na sake. Ina jiran ya ce a sa ko kada a sa, sai ya nuna allon da ɗan yatsa ya ce wannan ba jansa ba ne, nasa ya fi wannan zurfi, wannan kamar tumatir. Ya tashi ya ɗauko wani tsohon guntun jar fata daga cikin akwati, ya ce na mahaifinsa ne, ya kara shi a jikin allon don in ga bambancin. Ban taɓa sanin mahaifinsa baduku ne ba, wata 7 ina zuwa gidan. Da na sake tambayar izinin, ya ce in gyara jan tukuna in dawo.

Mai Tace Fim (Arkilla):
Ka roƙe shi aron fatar na yini ɗaya, ko ka ɗauke ta a zauren da farar takarda a gefenta, a daidai hantsin da kake ɗaukar zanen, da wayar da kuma kyamarar. Ka kawo mini ranar Asabar da safe kafin a ɗauke wuta, mu daidaita launin da ita.

Baduku (Madunka):
In za ka koma, ka tambaye shi a wace shiya mahaifin nasa ya yi dukanci, da sunan wanda ya koya masa. Mai yiwuwa na san gidan.